Kafin Ka Sayi Ƙaramar Kyamara, Ƙirga Hotunan da Kake Ɗauka

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ƙanena ya biyo ni shago a Bauchi Road da ke Jos ya miƙo mini wayarsa. Wani ne daga Abuja ya turo masa hotunan kyamarori biyu, duka na hannu: Canon G7 X Mark II, irin ƙaramar nan mai shiga aljihu, da Sony a6000 wadda ake cire mata gilashi a ɗaura wani.

"Yaya, kuɗin sun taru. Wacce zan ce a ajiye mini?"

Na ce ya dakata tukuna, ya buɗe wayar ya ƙirga mini hotunan da ya ɗauka da hannunsa a watan da ya wuce, ban da waɗanda ake turowa a WhatsApp, ban da hoton rasit na banki. Ya ɗan haɗe rai, a zatonsa hanyar hana shi nake nema. Da ya gama sai ga 41, kuma 30 daga ciki rana guda ya ɗauke su, ranar sunan ɗan abokinsa.

Ba raina shi na yi ba, ni ma ta nan na biyo. Mai son sayen kyamara yakan kwana yana gwada megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, da farashi, ya manta tambayar da za ta raba masa gardama: sau nawa zai ɗaga ta, a ina, kuma cikin wane irin yanayi. Kyamarar da ta dace da mai hoto 500 a shekara daban take da ta mai 500 a wuni guda.

Bari in fara da nawa lissafin. Kyamara tana ba kowane hoto lamba, daga 0001 har 9999, sannan ta buɗe sabuwar jaka ta koma farko. Canon kan fara sunan da IMG, Sony da DSC, Fujifilm da DSCF. Tawa ƙaramar, wadda na saya ta hannu shekara 6 da suka wuce, ta zagaye sau biyu tana cikin na uku, wato na ɗauki wajen 23,000. In an raba, kusan 4,000 ke nan a shekara, 75 a mako. Amma raba-daidai ne kawai a takarda. A wata ukun farko na ƙona wajen 5,000: kyanwar gida, tukunya a kan murhu, inuwar taga a bango, duk abin da ya gifta. Da ɗoki ya wuce sai abin ya koma na lokaci-lokaci. Agusta da Satumba, sa'ad da duwatsun Jos suka yi kore shar, ba na ajiye ta. Sallah biyu ma haka. Akwai kuma watannin da ko murfin jakarta ban buɗe ba. Cikin 23,000 ɗin nan, waɗanda na kai aka wanke mini a takarda ba su kai 200 ba. Marigayi mahaifinmu kuwa fim ɗaya mai hoto 36 yakan kai shi daga ƙaramar Sallah zuwa babba, kuma duka 36 ɗin suna nan a cikin albam har yau.

A nawa ganin masu hoton sha'awa kashi uku ne, kuma rabon nawa ne, ba na wani littafi ba. Akwai na biki, wanda sai an yi suna ko aure ko tafiya yake tunawa da kyamara, ba ya kai 1,000 a shekara. Akwai na yawo, mai fita da ita ko ba komai, wanda ke tsakanin 3,000 da 10,000. Sai mai ɓarin wuta, wanda a taro guda zai ɗauki ɗaruruwa, kuma galibi a ransa yana hango ranar da za a fara biyansa. Zaɓin da ke gabansu kuwa huɗu ne: waya, ƙaramar kyamara mai araha, ƙaramar kyamara mai babbar sensa, da babba mai sauya gilashi.

Sai ka san halin da kasuwar take ciki kafin ka taɓa aljihu. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna a 2010 kamfanoninta sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121, mafi yawansu ƙanana masu gilashi a jiki. A 2023 duka-duka ba su kai miliyan 8 ba, ƙananan kuma ba su kai miliyan 2 ba. Waya ce ta cinye kasuwar. Abin da wannan ya jawo mana shi ne sababbin samfura sun yi ƙaranci, kayan gyara sun yi wuya, sannan da matasa suka dawo suna ɗokin ƙananan kyamarori saboda TikTok da Instagram, farashin na hannu ya tashi maimakon ya sauka. Kyamarar da aka ƙera a 2016 za ka ji an yi mata kuɗi kamar jiya ta fito.

Abu ɗaya na fasaha da ba makawa sai an fahimce shi shi ne sensa, wato ɗan farantin da ke bayan gilashi yana karɓar haske. Ɗauke shi kamar tarar ruwan sama: mai kofi, mai bokiti da mai baho ba za su tara daidai ba. Ƙananan kyamarori masu araha sensarsu kimanin milimita 6.2 ce a 4.6. Wadda ake kira inci ɗaya milimita 13.2 ce a 8.8, kusan ninki huɗu ke nan. Ba ta kai inci ba ma, sunan gado ne daga bututun kyamarar talabijin ta da. Ta a6000 kuwa, wadda ake kira APS-C, milimita 23.5 ce a 15.6, ta ninka inci ɗaya sau uku. Da rana tsaka duka ukun za su ba ka hoto mai kyau. Bambancin sai magariba ta yi, ko a cikin falo mai ƙwan fitila ɗaya, inda mai kofi zai dawo maka da hoto duk yashi-yashi.

Na biki, gaskiyar da ba ya son ji ita ce wayarsa ta ishe shi. Wayoyin yanzu, har Tecno da Infinix masu matsakaicin kuɗi, suna ɗaukar hotuna da yawa a bugu ɗaya su haɗe su, shi ya sa da dare suke kada ƙaramar kyamara mai araha. Ga kuma turawa nan take: kafin a shafa fatiha hoton jaririn ya isa Kaduna. Kuma kyamarar da ake ajiyewa wata biyar a durowa ba hutawa take yi ba. Batirinta yana tsiyayewa har ya mutu, in damina ta yi nisa kuma danshi kan haifar da fumfuna a cikin gilashi, wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo waɗanda goge baya ba ya fitar da su. Ranar da za ka ɗauko ta don bikin ƙanwarka, ranar za ka tarar ba caji, ka koma kan wayar da ka raina.

Inda waya take gazawa guri biyu ne. Na farko nesa. Yawancin wayoyi in ka ja hoto da yatsa biyu ba jawo abin suke yi ba, yanko tsakiyar suke yi su buɗa shi, sai fuska ta koma kamar an shafe ta da man shanu. Na biyu, waya ba ta hoto kaɗai ba ce. Kana saita ɗan tsuntsu kira zai shigo, batirin da za ka nemi mai keke da shi kuma shi kake ƙonawa.

Saboda haka ƙaramar kyamara mai ƙaramar sensa hujja ɗaya ta rage mata, jawo nesa. Canon SX740 HS ta 2018 tana jawowa ninki 40, Panasonic TZ95 ninki 30, kuma duka suna shiga aljihun kaftani. Wanda ke zuwa dajin Amurum a Laminga kallon tsuntsaye, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ko mai zuwa Yankari ya ga giwa daga nesa, ko mai tsayawa bayan cunkoso a hawan Sallah a Bauchi, wannan zai samu abin da wayarsa ba za ta taɓa ba shi ba. Sai dai ya sani kyamarar rana ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma wata 'yar jinsi daban, Olympus TG-6 da magajiyarta OM System TG-7 ta 2023, waɗanda ke shiga ruwa har zurfin mita 15, su faɗo daga sama da mita 2 ba su fashe ba, kuma gilashinsu ba ya fitowa waje. Hotonsu bai fi na waya mai kyau ba, amma a gangaren ruwan Assop ko tafkin Wikki ba ka da fargaba, yara ma sai ka miƙa musu.

Inda maganar take da nama shi ne wajen na yawo, domin shi aka ƙera wa ƙaramar kyamara mai inci ɗaya. Sony ce ta buɗe wannan hanyar da RX100 a 2012, ta yi ta fitar da sababbi har RX100 VII a 2019. Canon ta biyo da jerin G7 X. Duka megafiksel 20 ne, duka nauyinsu na kusa da gram 300, don haka kada lambar megafiksel ta ɗauke maka hankali. Bambancin yana cikin gilashi da hannu. RX100 III ta 2014 gilashinta daga 24 zuwa 70 ne a ma'aunin jawo nesa, yana buɗewa sosai ya sha haske, kuma tana da 'yar tagar leƙe da ke tasowa daga sama. Wanda ya taɓa tsayawa kan dutse da azahar yana ƙanƙance ido don ya ga allon kyamara ya san amfanin wannan tagar. G7 X Mark II ta 2016 ba ta da tagar, amma gilashinta ya kai 100 da irin wannan buɗewar, allonta ana taɓa shi kamar na waya, kuma tana da ɗan tudun riƙewa a gaba. Ita RX100 santsi gare ta kamar sabulu, sai ka ɗaura mata igiyar hannu. RX100 VII kuwa ta jawo har 200 kuma tana da saurin gaske wajen saita hoto ya fito tas, amma ta saya ne da haske, domin gilashinta ba ya buɗewa kamar na III, ga tsada, da ta fito dala 1,200 aka sa mata. Mai yawan hoton mutane a cikin ɗaki, III ko G7 X ta fi masa. Mai bin yara a filin ƙwallo, VII.

Sama da su akwai masu sensar APS-C a ƙaramin jiki. Ricoh GR III ta 2019 gram 257 ce kacal, amma gilashinta ɗaya ne, ba ya jawo komai, ƙafarka ce za ta matsa, kuma ba ta da filasha a jiki. Fujifilm X100V ta 2020 da X100VI ta 2024 su ne waɗanda ake rububi, sai dai ta ƙarshen gram 521 ce, dala 1,599 da ta fito, kuma ba ta shiga aljihun da na sani. Kyawawa ne, amma wanda zai tambaye ni wacce zai fara da ita ba su nake nuna masa ba.

To, in mutum yana amfani da ita sosai, me ke fara mutuwa? Mutane sun saba tambayar adadin ƙiftawa, wato sau nawa makullin hasken ya buɗe ya rufe. Tambayar daga manyan kyamarori aka gado ta, inda kamfani kan ce an gwada makullin zuwa 100,000 ko 150,000. Mai ɗaukar 4,000 a shekara sai ya yi shekara 25 kafin ya kai 100,000. Ƙananan kuma nasu makullin ɗan ƙarami ne a cikin gilashi, ba shi da nauyin da zai gaji da wuri. Abin da ke kashe ƙaramar kyamara shi ne gilashin nan da ke fitowa in an kunna, ya koma in an kashe. Ɗan mota ne da haƙoran roba ke tura shi. Kenan ba yawan hotuna ya kamata ka ƙirga ba, yawan kunnawa. Wanda ya kunna sau ɗaya ya ɗauki 50 ya fi tausaya mata a kan wanda ya kunna sau 25 yana ɗaukar bibbiyu. Kuma kowace fita da komawa kamar numfashi ce, tana zuƙar iskar da ke wajen, da duk abin da ke cikinta.

A Jos kuwa mun san abin da ke cikin iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wani Disamba na hau duwatsun Shere da sassafe, hazo ya kwanta a ƙasa, rana na fitowa ja kamar garwashi. Kyamarar tana aljihun rigar sanyi, ba jaka. Na ciro ta na danna, gilashin ya fito rabi ya tsaya, ya yi wata 'yar ƙara ƙir-ƙir-ƙir, ya koma, ya sake fitowa a karkace. Allon ya ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna har yatsuna suka sandare. Rana ta gama fitowa ina tsaye da wayata a hannu. Da na kai wa mai gyara a cikin gari, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera ƙananan kusoshi a murfin kwalba, ya ɓare zoben gilashin, sai ya kira ni.

"Alhaji, zo ka ga abin da ya hana ka hoto."

Ƙwayar yashi ce guda, da ɗan zaren aljihu da ya nannaɗe a haƙorin roba. Ya ce na yi sa'a haƙorin bai karye ba, domin in ya karye sai dai a nemo gilashin dungurungum daga wata matacciyar kyamara irinta, in an samu. Tun daga ranar ba ta sake kwana a aljihu tsirara ba, 'yar jaka mai zif na saya mata.

Nan ne babbar kyamara ke da rinjaye. In ƙura ta sauka kan sensar a6000, cire gilashi za ka yi ka hura da 'yar robar hura iska, shi ke nan. In gilashin ya lalace ka sayi wani, jikin na nan. Ƙaramar kuwa gilashi da jiki tare aka haife su, ƙura in ta shiga sai an warware ta gaba ɗaya. Sai dai ita ma babbar, duk sauya gilashi a waje lokacin hunturu buɗe wa ƙura ƙofa ne.

Batir shi ne na biyu. Bisa gwajin CIPA, GR III na ba da hoto 200 a caji ɗaya, G7 X Mark II 265, RX100 III 320, a6000 wajen 360. Nikon D3500, babba mai madubi, tana kai 1,550. Gwajin mai tsanani ne, ana harba filasha a rabin hotunan ana kashewa ana kunnawa, don haka mai ɗauka a jere zai samu fiye da haka. Amma na hannu batirinta ya riga ya tsufa, kuma sanyi yana rage ƙarfin batir. Jos tana sama da mita 1,200, wanda ya fita da asuba a Janairu zai ga alamar caji ta faɗi kafin ya gama shan shayi. Dabarar ita ce ka ajiye na biyu a aljihun ciki, jikinka ya ɗumama shi. Ga na yawo, 250 sun ishe shi wuni har da ragowa. Ga mai ɓarin wuta a wajen kamu ko walima, batir uku ma sai ya yi ta duba agogo. Wani abin dubawa a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi: RX100 da GR III ana cajin su ta igiyar USB kai tsaye, fawa bank ɗin wayarka ya isa. D3500 sai an cire batir an sa a caja ta bango.

Katin memori ba abin damuwa ba ne. Hoto ɗaya na megafiksel 20 kan ci megabait 5 zuwa 10, kati mai gigabait 32 zai ɗauki dubbai, kusan aikin shekarata guda. Damuwar ita ce fitar da su. Na lura kyamarori da yawa ba lalacewa ke kai su durowa ba, wahalar kwaso hoton ce. An ɗauka, an dawo gida, ana cewa gobe za a juye a kwamfuta, 'yan uwa na ta tambaya har su gaji su ce "bari mu yi da waya kawai". RX100 ta farko ba ta da Wi-Fi, daga ta biyu aka sa. G7 X Mark II da a6000 duka suna da shi, amma manhajojin kan yi gardama. Abin da ya fi mini sauƙi ɗan makarancin kati ne da ake soka wa waya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In za ka tura a WhatsApp kuma, zaɓi HD ko ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse hoton ya koma daidai da na kowa, ka yi asarar kuɗin sensarka.

Sai nauyi, wanda mutane ke rainawa a kanti. A6000 da ƙaramin gilashinta wajen gram 460 ce, ba nauyi ba ne a hannu, amma ba ta shiga aljihu, sai jaka ko rataya. D3500 da gilashinta ta haura gram 600. Duk kyamarar da sai ka yi shawara kafin ka fita da ita, rabin ranakun za ka bar ta a gida. Ina da abokin da ya sayi babba mai gilashi uku, a shekara bai ɗauki rabin abin da nake ɗauka da 'yar tawa ba, ko da yake in ya fita da ita hotonsa ya fi nawa, ba musu.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar kamfani. Garinmu ya ga abubuwa, mutane suna lura da wanda ya ɗaga babbar kyamara a kasuwa. A Terminus ko Farin Gada, baƙar kyamara mai dogon gilashi tana jawo "Malam, daga wace jarida?" ko "wa ya aiko ka?" Ƙaramar kuwa ana ɗaukarta abin wasa, in ka yi sallama ka nemi izini sai mai tumatir ya gyara hula ya ce ɗauka. Izinin dai dole ne kowace ka riƙe, musamman ga mata da 'ya'yan mutane, kuma shingen jami'an tsaro ba wurin gwada kyamara ba ne. A wajen biki abin juyawa yake yi: mai ƙaramar kyamara ba wanda zai matsa masa hanya, balle a biya shi. Wanda ke da niyyar sana'a ya sayi babba tun farko, domin yana buƙatar filasha ta sama, gilashin da ke narkar da bayan mutum, da jikin da zai jure dubban hotuna a wata.

In ka tsaya kan ta hannu, ko a Jos ko a shagunan Banex a Wuse 2, kada ka biya a kan hoton da aka turo maka. Riƙe ta. Kunna ka kashe sau goma kana kasa kunne, gilashin ya fita ya koma da murya ɗaya, ba tsayawa ba karkata. Ja shi zuwa ƙarshe ka dawo. Haska fitilar waya cikin gilashin ka nemi zaren fumfuna. Fita waje, sa lambar buɗewar gilashi, wadda ake rubuta f a gabanta, a 8 ko 11, ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗa hoton: ɗigon da ya zauna wuri ɗaya a hotuna biyu ƙurar sensa ce. Duba kusoshin jiki, in kansu ya cinye an taɓa buɗe ta. Lambar hoto kada ka dogara da ita, ana mayar da ita 0001 da danni biyu. Gogewar fenti a maɓallin ɗauka da gefen igiya ta fi ta faɗin gaskiya. Ni ma na fi natsuwa da wadda ta ɗan goge saboda aiki a kan wadda ta shekara biyar a akwati ba a san me danshi ya yi mata ba. Ka tambayi batir na asali ne ko kwaikwayo, ka sa kuɗin na biyu a lissafinka tun yanzu. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce a kasuwar da ɗoki ya hargitsa.

Ƙanena dai ban ce masa ya saya ba, ban ce ya fasa ba. Tawa na ba shi aro na mako shida, na rubuta lambar hoton ƙarshe a bayan kalandar shago. Da ya dawo da ita muka cire, 640. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na biki ba su kai 50 ba. Sauran duk na hanya ne: masu sauke kabeji a Farin Gada da sanyin safiya, tururin shayi a bakin tasha, tsoffin kududdufan haƙar kuza a hanyar Rayfield, wani tsoho yana gyaran rediyo a Dilimi. Kusan duka a tafe ya ɗauke su, yana hanyar aiki, babu wanda ya fita takanas dominsa. Babu kuma inda ya nemi jawo abu daga nesa sosai. Na ce masa a6000 ta fi kyan hoto da dare kuma ta fi sauƙin gyara, amma irin wannan ɗaukar tasa ta aljihu ce, ranar da ya fara rataya jaka ranar lissafin zai faɗi.

Ya shiga mota ya je Abuja da kansa, ya ƙi yarda a aiko. Ya kira ni daga cikin shagon, ina jin hayaniya a bayansa.

"Yaya, na ɗauki saman. Akwai ɗigo ɗaya a gefen hagu, can ƙasa."

Na ce ya ɗauki na biyu ya gani ko yana nan. Yana nan. Mai shagon ya fito da wata G7 X ɗin, fentinta ya fi gogewa, samanta fes. Ita ya ɗauko, da batir biyu da jaka mai zif, ya kama motar yamma zuwa Jos.